Abin da na gani a garinmu lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa

Har yanzu in ana hirar zanga-zangar 1 ga Agusta 2024 sai ka ji Kano, Kaduna, Abuja, kamar mu na ƙananan garuruwan Jigawa ba mu fito ba. Wlh mun fito. Ba mai lasifika, ba ɗan siyasa, 'yan acaba ne da masu shayi da matasan da suka gama makaranta ba aikin yi, kwalin taliya suka yaga suka rubuta YUNWA da gawayi. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuɗin mota zuwa cin kasuwa ya fi ƙarfin talaka.

Da aka sa dokar hana fita ta awa 24 fa nan ido ya raina fata, mai shinkafa buhu-buhu a sito ko a jikinsa, wanda sai ya fita zai ci shi ne ya ji jiki. A layinmu mata suka dinga miƙa kwanon tuwo ta saman katanga, mai shagonmu ya buɗe ƙofar baya yana ba da garin masara bashi ko rubutawa ba ya yi. Gsky masu fashe-fashe sun ɓata mana tafiya, amma kukan da aka fito yi gaskiya ne.