Aikin pompon jan ruwan sama a Damagaram: tun daga rani ake soma shi

Duk wanda ya san Damagaram ya san a kan dutse garin yake zaune. Ruwan sama in ya sauka ba ya nitsewa ƙasa da sauri, gangarowa yake yi daga tudu ya taru a kwari, tabkunan cikin gari su cika su tumbatsa, gidajen laka na gefensu su fara shan ruwa ta ƙasa. A damunar 2024 har tsohon masallacin unguwar Birni ya rufta a farkon Satumba. Aikin ɗan kamfaninmu shi ne karɓar kwangila daga ma'aikatar magajin gari don kula da injunan da ke janye wannan ruwa: gyara, sa ido, da kwana kusa da su in hadari ya haɗo.

Mu tun watan Afrilu muke kwance injuna, don ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da muke fara dubawa shi ne farfela, wato ƙarfen da ke juyawa a cikin pompo yana tura ruwa. Ruwan garin nan rabinsa rairayi ne, kuma rairayi yana cin ƙarfe a hankali har bakin farfelar ya yi kaifi, tazarar da ke tsakaninta da farantin gabanta ta buɗe. Tazarar nan bai kamata ta wuce rabin milimita ba. In ta wuce, injin zai yi ta ƙugi yana shan gazuwal, ruwan da yake fitarwa kuwa ya ragu ƙwarai, wanda bai san aiki ba ya ce injin ne ya tsufa. Bayan farfela akwai zoben da ke hana ruwa bin sandar da ke juya farfela ya shiga wajen boris, wato ƙarafan da sandar ke juyawa a kansu. Ruwa ne ke sanyaya shi, shi ya sa in aka tada pompo babu ruwa a cikinsa, ƴan mintoci sun isa su ƙone shi. A nan ne jabun kaya ke cutar mutane. Ana kawo zobba masu araha, kwalinsu kamar na ainihi, amma fuskarsu ba ta jure yashi, kafin Agusta ta fita sun fara ɗiga. Mu ba ma sa su ko da wanda ya ba mu kwangilar ya matsa.

Wajen girka inji a bakin tabki, abu uku ne ke raba gwani da ɗan koyo. Tsawon da ke tsakanin saman ruwa da bakin pompo kada ya wuce mita 6, in an samu 3 ko 4 ya fi, domin turawa ta fi wa pompo sauƙi a kan zuƙa. Tiyon zuƙa ya zama mai ƙarfe a ciki wanda ba ya lotsewa, kuma kowace mahaɗa a ɗaure ta tamau, saboda ƙaramar kafa da iska ke bi ta isa ta hana inji kama ruwa yini guda. Sai rariyar bakin tiyo. Ba a jefa ta ƙasan tabki, laka za ta kwaso. Ba a bar ta a sama, iska za ta sha. Mukan rataye ta a jikin jarka biyu masu yawo a kan ruwa, ta nitse kamar rabin mita, sannan mu kewaye ta da kejin waya mai faɗi don tare leda. Leda dai ita ce babbar abokiyar gabarmu. In ka ji pompo yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa a cikinsa, kashe shi ka je ka duba rariya, galibi za ka tarar leda ta lulluɓe ta ruf.

Lissafin aikin ba shi da wuya. Tabki mai faɗin hekta 1, in ana so ya sauka da santimita 10, ruwa mita kubik 1,000 za a fitar. Pompo mai inci 6 da ke ba da kubik 200 a awa zai yi awa 5, in ba wani ruwan ke shigowa ba. Da wannan muke sanin inji nawa za a kai da gazuwal nawa za a tanada. Sai kuma a san inda ruwan zai tafi: in ba a yashe magudanar da za ta karɓe shi ba, an kwashe shi ne daga wata unguwa an kai wa wata.

Inda aka girka pompon lantarki mai nitso cikin rami, sa idon daban ne. Ƙwallon da ke yawo a kan ruwa shi ke kunna shi ya kashe shi, kuma tsumma da leda suna naɗe igiyarsa, sai pompo ya ƙi tashi ko ya ƙi tsayawa. Kowane mako a damuna mukan ɗaga ƙwallon da hannu mu ga ya amsa, mu auna amfiya, wato yawan wutar da motar ke ja, a wayoyin nan uku na wutar 380, mu rubuta awowin da inji ya yi a littafin wurin. In waya ɗaya ta ɗauke biyu suka rage, motar takan ƙone, don haka na'urar da ke yanke wuta a irin wannan hali dole ce. Mukan kuma zare ƙusar ɗakin mai mu duba: in man ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga, a fito da pompon tun ruwan bai kai ga wayoyin motar ba. Wuta kuwa tana yawan ɗaukewa daidai lokacin da iskar hadari ta taso, shi ya sa janareta ma muna tada shi duk mako, mu juye masa baƙin mai a kowace awa 250.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne masu karya farashi. Mutum ya ari inji, ya karɓi aiki, ba a sake ganinsa sai ruwa ya shiga ɗakunan jama'a. Ba littafi, ba kayan canji, ramin ma a tura yaro ya shiga shi kaɗai. Ramin da ruwa ya daɗe a ciki yana tara iska mai guba da ke sumar da mutum nan take. A wurinmu sai an buɗe shi ya sha iska, mai shiga ya ɗaura igiya a ƙugu, mutum biyu na tsaye a sama.

In Oktoba ta kama mukan wanke injuna da ruwa mai tsabta, mu tsiyaye su, mu naɗe tiyo a inuwa don rana tana fasa roba, sannan mu miƙa wa ma'aikata rahoton kowane inji da jerin kayan da za a canja kafin damuna mai zuwa.