Ɗinkin tumbi bayan tiyatar rage ƙiba: tambayar da ba mu yi wa likita

A Nima da Mamobi da sauran unguwanninmu na Accra, maganar tiyatar rage ƙiba ta fara shiga hirar jama'a, musamman waɗanda ciwon suga da hawan jini suka sa a gaba. Sai dai duk inda aka tayar da zancen, kuɗin aikin ake tambaya, da kuɗin jirgi zuwa Indiya ko Turkiyya, da kilo nawa mutum zai zubar. Da wuya ka ji wanda ya tambayi yadda za a rufe tumbin bayan an yanke shi, alhali a nan ne haɗarin ya fi taruwa, kuma wannan shirun yana damuna ƙwarai.

A irin aikin da aka fi yi yanzu, likita yana cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, ya bar siririn bututu mai siffar ayaba. Ba da allura da zare ake rufe wurin ba. Wata na'ura ce take dasa layukan 'yan ƙananan maƙalai na ƙarfen titaniyom, tana yanka a tsakaninsu, tun daga ƙasan tumbi har sama inda ya haɗu da bututun abinci. Abu biyu ake tsoro a wannan dogon layi: zubar jini, da yoyo, wato abin da ke cikin tumbi ya tsiyaya zuwa cikin ciki ya haddasa ruɓa. Yoyon yakan sami mutum 1 zuwa 3 cikin 100, kuma galibi a can sama yake ɓullowa, inda naman ya fi siranta, jini bai wadace shi ba, matsi kuma ya fi yawa.

Domin haka ne likitoci da yawa suke ƙarfafa layin. Wasu suna bin sa da ɗinkin zare, wasu suna shafa masa manne na musamman, wasu kuma suna shimfiɗa wani siririn abu a bakin na'urar domin maƙalan su ratsa shi tare da naman, kamar yadda tela yake sa shafi a wuyan riga don kada ɗinki ya yaga yadin. Shafin nan iri-iri ne: akwai na roba mai narkewa a jiki bayan wasu watanni, akwai na tantanin zuciyar saniya, akwai kuma wanda ake yi daga hanjin alade. Musulmi yana da haƙƙin ya san wanne za a sa masa tun kafin ya sa hannu a takarda.

Shin ƙarfafawar tana aiki? A kan zubar jini, hujjoji sun nuna tana ragewa. A kan yoyo kuwa masana ba su haɗu a bakin magana ɗaya ba. A 2014 masu bincike Michel Gagner da Jane Buchwald sun tattara bincike da dama, suka ga yoyo ya kai kashi 1.09 cikin 100 idan an sa shafin roba mai narkewa, 2.04 da ɗinkin zare, 2.60 idan ba a ƙarfafa ba, 3.30 kuma da tantanin saniya. Amma a 2016 wani nazari na kusan mutum 190,000 a Amurka ya nuna cewa zubar jini ya fi ƙaranci a waɗanda aka ƙarfafa musu layi, yoyo kuwa ya ɗan fi yawa a cikinsu. Abin da na fahimta shi ne, shafi ba ya maye gurbin hannun likita: faɗin bututun da ya bari, da dacewar girman maƙalan da kaurin nama, da rashin matse wurin da tumbin ya lanƙwasa, duk suna da rabonsu.

Inda abin ya fi shafar mu shi ne tafiya. Yoyo yakan bayyana bayan 'yan kwanaki, sau da yawa bayan an sallami mutum, wataƙila ma ya riga ya sauka a filin jirgin saman Accra 'yan uwa suna ta yi masa barka da zuwa. Bugun zuciya da ya wuce 120 a minti, da zazzaɓi, da ciwon kafaɗar hagu, da sarƙewar numfashi, ba gajiyar hanya ba ne, kuma ba a jiran gari ya waye a kansu. Duk mai shirin wannan aiki ya karɓo rubutaccen bayanin abin da aka yi masa da abin da aka sa masa, ya kuma san likitan fiɗa da zai duba shi a nan gida, ko a Korle Bu ko a wani babban asibiti, tun kafin ya yanki tikiti.