Farautar walƙiya a Tafkin Marakaibo

Duk mai sha'awar ɗaukar hoton walƙiya ya san Katatumbo, kogin da ke zuba a Tafkin Marakaibo a ƙasar Benezuwela. A 2016 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ce nan ne walƙiya ta fi yawa a duniya, kusan sau 233 a kowace murabba'in kilomita a shekara. Kafin nan yankin Kwango ake ba kambun. Da na tashi zuwa can ɗaukar hoto, watan Oktoba na zaɓa, domin lokacin ne abin yake kankama, a Janairu da Fabrairu kuwa lafawa yake.

Daga birnin Merida muka gangaro duwatsun Andes, muka baro sanyi muka faɗa zafi mai ɗanko. A wani shingen hanya wani jami'i ya sa na zazzage jakar kyamarata a kan mota. Ko gaisuwata bai amsa ba. Ya ɗauki gilashin kyamarar da ya fi tsada yana jujjuya shi, yatsansa a kan fuskar gilashin, yana tambayar wa ya aiko ni. Sai da direba ya yi ta bayani sannan ya ture mani kayan da bayan hannu. Bincike aikinsa ne, ban ƙi ba, amma wulaƙanta baƙo ba ya cikin aikin.

Kuɗin ƙasar bolibar ne, amma kowa dalar Amurka yake so, kuma ƙananan takardu, don canji wuya gare shi. A Puerto Concha, garin da ake hawa jirgi zuwa tafkin, kuɗin jirgin ruwa ya ba ni tsoro. Na yi ta ciniki, mai jirgin ya rage kaɗan ya nuna mani jarkokin mai. Da na ji yadda yake wahalar samun fetur sai na daina ja. A ƙarƙashin wannan tafkin ake haƙo mai, ga masu zama a kansa suna nemansa ido rufe. Abin ya dame ni.

Muka bi mashigin ruwa cikin kurmi, jajayen birai na gurnani a saman itatuwa, har muka fito sararin tafki muka isa Ologa, ƙauyen masunta da gidajensa ke tsaye a kan turaku cikin ruwa. Wata dattijuwa ta sauke mu. Ta bakin tafinta ta ce da ni, "Ɗana, ka kwanta tun yanzu, walƙiyar ba ta zuwa da wuri." Ta ɗaura mani gadon lilo da gidan sauro, ta ƙi karɓar ko kwabo a kan abincin dare.

Gaskiyarta. Da magariba sama fes take. Da rana tafkin yana shan zafi yana tara tururi, da dare kuma iska mai sanyi ta gangaro daga duwatsun Andes da na Perija da suka kewaye shi, su haɗu, hadari ya taso. Can cikin dare sai gefen sama ya fara haskawa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shirun. A wajenmu hadari da iska da ƙura da tsawa yake zuwa, kowa ya nemi mafaka. Nan kuwa ga walƙiya tana bin juna, gajimare na kamawa daga ciki, amma ba ka jin komai sai kwaɗi da ruwa yana dukan turaku. Nisa ne ya jawo haka, don da wuya ƙarar tsawa ta wuce kilomita 20.

Ba a kama walƙiya da saurin yatsa, kafin ka danna ta wuce. Kafa kyamara ake yi a kan sandar nan mai ƙafa uku, a saita gani zuwa can nesa da hannu, a rage ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, zuwa 100 ko 200, a matse ƙofar haske zuwa f/8, a bar idon kyamara a buɗe sakan 15 zuwa 30. Duk walƙiyar da ta gifta a wannan tsakanin ita za ta zana kanta. Matsalar da na tarar ita ce daɓen katako: da wani ya taka sai kyamara ta girgiza, fitilun masunta su zama zare-zare a hoto. Dattijuwar ta lura. Ta kama hannuna ta kai ni kusurwar da babban turke yake ƙarƙashi, ta tsawata wa jikokinta su zauna. A wannan kusurwar na samu hoton da na je nema, walƙiya mai rassa ta sauko daga gajimare, ga inuwarta kwance a kan ruwa. Raɓa kuma tana rufe gilashi, sai kana gogewa a kai a kai.

Gab da asuba hadarin ya matso, muka fara jin cida. Na riƙa ƙirga tazarar haske da ƙara, kowane sakan 3 kusan kilomita 1 ke nan. Da ta gaza sakan 30 na naɗe kayana. Wani baƙo ya tsaya a fili da sandarsa ta ƙarfe, wai yanzu ne hoto zai yi kyau. Mai jirgin ya daka masa tsawa ya shigo, kuma na goyi bayansa ɗari bisa ɗari.

Da safe aka ba ni labarin farkon 2010, lokacin da fari ya sa walƙiyar ta ɗauke makonni da dama. Mun kuma leƙa wani ƙauyen kan ruwa mai suna Kwango Mirado, inda laka ta cike mashigin ruwa, yawancin mutane suka tashi. Daga nan sai Puerto Concha, sai mota zuwa Merida. Shingen na nan, amma wannan karon hannu kawai aka ɗaga mana.