Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Jakar da Ta Kai Kuɗin Doki

A makon jiya na tsaya inda Maigida ya samu aikin koyarwa muka tare a jihar Minnesota ta Amurka. Hunturun farko ya kusa mayar da ni Kano. Ban san kowa ba, ba na leƙa ko ƙofa, keken ɗinkina ne abokin hira.

Da ƙanƙara ta narke ya ce, "Hajiya, shirya mu fita, zaman ya isa haka." Muka nufi gidan tarihin Mille Lacs, kusa da garin Onamia, a ƙasar Ojibwe, mutanen da ke zaune a bakin manyan tafkunan nan tun kafin Turawa su zo. Ni dai na bi shi ne don kada ya ce na ƙi.

A can na ga jakar da suke kira gashkibidaagan. Ana rataya ta a kafaɗa ta sauko kan ƙugu kamar gafakar almajiri, amma maratayinta faɗi gare shi, kuma ko'ina duwatsun ado ne ƙanana, ba wurin sa yatsa. Mata ke ɗinkawa, maza ke sawa ranar taro. Samfurin daga jakar harsashin sojojin Turawa suka ɗauko shi, duwatsun kuma na gilashi ne da fatake suka kawo daga Turai. Kafin nan da ƙayar beguwa suke ado, su rina ta. Na farkon saƙa su ake yi, zanen duk kusurwa. Daga wajen 1880 aka koma furanni da ganye, a jera duwatsu a zare, a kwantar kan baƙin karan-miski, a bi da wani zaren ana kafewa kaɗan-kaɗan.

Nan na daɗe. Mai ɗinki ce kawai za ta san abin da idon matar nan da bayanta suka sha, ga shi ba lantarki. A da har da doki Ojibwe sukan musanya jaka ɗaya wajen makwabtansu Dakota, kuma wallahi ban ga tsada ba. Wasu ma an bar yi musu aljihu, ado zalla. Abin da ya tsaya mini a rai, da yawan tsofaffin ba a san sunan wadda ta ɗinka ba.

Maigida ya gaji da jira ya koma mota. Ni kuwa na tsaya a shagon wurin na sayi duwatsu da siririyar allura da kuɗin cefane. Yadda muka kwashe da shi a hanya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.