Na ƙona fistin a cikin sanyin da ya fi na firiza

Har yau in na tuna ranar nan sai raina ya ɓaci, don fitilar zafin injin mashin ɗina na hawa kan ƙanƙara ta kama ja a gabana, na gan ta da idona, kuma na bar babban yatsana a kan totur na ci gaba da tafiya. Da na tsaya minti goma kacal a wurin da duk wannan labarin bai taso ba.

Shekara ta shida ke nan ina zaune a Duluth, arewacin jihar Minnesota a Amurka, bakin tabkin Superior, kuma duk wanda ya zauna nan ya san in ba ka samo wa kanka abin yi da hunturu ba to zaman ɗaki zai ishe ka, wata biyar ba wasa ba ne. Maƙwabcina wani dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, shi ya koya min hawan mashin ɗin ƙanƙara, mutanen nan siled suke ce masa, daga baya na sayi nawa na hannu, 600cc mai silinda biyu, irin injin da ke ƙona fetur da baƙin mai tare kamar Besfa, amma shi da ruwa yake sanyaya kansa. Hunturu biyu na yi da shi ko tari bai taɓa yi ba, musamman na 2022 zuwa 2023 da Duluth ta samu dusar ƙanƙara sama da inci 140, wanda ba a taɓa rubuta irinsa ba a garin.

Sai ga hunturun 2023 zuwa 2024. Wallahi ruwan sama aka yi ta yi lokacin Kirsimeti, a Minnesota fa, ciyawa a waje kana ganin ta. Har tseren karnuka masu jan keken ƙanƙara na Beargrease da ake tashi daga nan Duluth sai da aka soke shi a shekarar saboda babu dusa. Babbar hanyar mashin da ta tashi daga Duluth zuwa Grand Marais, mil 146, yawancinta duwatsu da kututture ne a fili. To tsakiyar Janairu sai sanyi mai tsanani ya sauko na kusan mako guda, tabkuna suka daskare sosai, aka ɗan yi yayyafin dusa da bai kai ya rufe takalmi ba, iska kuma ta share rabinsa. Ni kuma na ƙagu, na biya rajista, na yi wa mashin sabis tun Nuwamba, kullum ina wuce shi a gareji. Dattijon zai je kamun kifi a bukkarsa da ke kan wani tabki arewa da gari, na ce zan biyo shi da mashin. Ya tambaye ni ko na ɗaura makankaran nan da ya sa na saya bara, wato ƙarafan da ke kartar ƙanƙara su watsa ta don sanyaya inji, na ce masa ban ɗaura ba tukuna amma ai tafiyar ba nisa, ya ce to in sa ido a kan gejin zafin inji. Makankaran suna nan cikin kwalinsu a kan kanta, dala 80 na saye su, huda rami biyu da ɗaure noti biyu ne aikin, ban yi ba.

Safiyar ma'aunin mota ya nuna 10 ƙasa da sifili a Fahrenheit, wato wajen 23 ƙasa da sifili a ma'aunin da muka saba da shi a gida, firiza ma a 18 ƙasa da sifili take tsayawa. Saman tabkin kamar gilashi, baƙi-baƙi, sai ɗan farin ƙura nan da can. Mil biyun farko geji yana 125 a Fahrenheit, inda ya saba zama. Daga nan ya fara hawa, 140, 155, 170, sai fitila. Ga abin da ya zo min a rai a lokacin, kuma shi ne ainihin abin da ya sa nake rubuta wannan: na ce a wannan sanyin ina inji zai yi zafi, ai iskar da ke dukan fuskata ma ta isa ta daskarar da shi, bari in ƙara gudu iska ta shige shi. Tunanin wanda ya tashi da babur a Kano ke nan, mu a wurinmu babur in ya yi zafi a cunkoso ne, kana fita titi iska ta buge shi shi ke nan. Na ɗauko wannan na ɗora wa injin da ba haka aka gina shi ba.

Wannan mashin ba shi da lagireto a gaba kamar mota, iska kusan ba ta da aikin yi a sanyaya shi. Ruwan injin yana bi ne ta cikin wasu farantan alminiyom masu zara-zara da ke manne a ƙarƙashin kujera, a rufin ramin da tarak yake juyawa, wato faffaɗan bel ɗin robar da ke tafiyar da mashin, akwai kuma wani farantin a gaban ramin. Tarak ɗin ne ke ɗebo dusa yana watsa wa farantan, dusar ta narke ta tafi da zafin. In babu dusar da za a watsa to ruwan zagayawa kawai yake yi yana dawowa inji da zafinsa, ko da kuwa sanyin waje zai kashe mutum. Na san wannan fa, dattijon ya gaya min tun ranar farko, har ya kwantar da mashin ya nuna min farantan. Amma sani daban, abin da hannu ke yi lokacin da bukka take hange mil uku a gaba kuma yatsunka sun fara ciwo daban.

Mashin ɗin ma ya yi iya ƙoƙarinsa, kwamfutarsa ta rage masa ƙarfi da kanta, na ji yana jan jiki, ina jin warin roba tana ƙonewa ta baya, duk da haka na ce saura kaɗan. Ban kai ba. Wajen rabin mil kafin bukkar sai na ji wani ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, sai ya mutu. Na ja igiyar tayar da inji, da farko ta ƙi motsi gaba ɗaya, bayan ya huce ta ja amma sakwaf, ba nauyin da na saba ji. Dattijon ya zo da a-kori-kurarsa har bakin tabki, muka cire bel ɗin kuloci muka ja mashin da igiya. Bai ce min komai ba sai da muka shiga mota, sannan ya tambaye ni a nawa fitilar ta kama, kuma mil nawa na yi bayan ta kama. Na gaya masa gaskiya. Ya girgiza kai kawai, wannan shirun ya fi min zafi a kan faɗa.

Abin da ya kamata in yi ba wani abu ne mai wuya ba. Ka kashe inji, ka tara dusa da hannu ko da ƙafa ka zuba a kan ramin tarak da wurin taka ƙafa, ka jira geji ya sauko, sannan ka bi gefen tabki inda iska ta tara dusa a jikin ciyayi kana shiga kana fita. Akwai dusar a gefen, na gan ta, ni ne na zaɓi miƙe hanya ta tsakiya don ta fi kusa. Kuma kar ka bar shi yana silo kana jira ya huce, a tsaye ma zafi yake ƙarawa tunda ba abin da ke watsa wa farantan komai, sannan kar ka kuskura ka buɗe murfin tulun ruwan da zafinsa, zai watso maka a fuska.

Bakanike ya gwada matsin silinda, ɗaya 125, ɗaya ko 60 bai kai ba. Da ya buɗe sai ga fistin ɗin ya goge ta ɓangaren salansa, alminiyom ya narke ya shafe a jikin silinda, ringi ya maƙale a raminsa. Silindar irin mai rufin nikasil ce, ba a yi mata bori kamar yadda ake yi wa babur a gida, sai dai a aika a sake rufe ta ko a sayo wata. Fistin biyu, ringi, gaskit, zoben robar tof, silinda, kuɗin aiki, sai da na ajiye dala 1,400 da 'yan kai. Robobin silalo da tarak ke gogawa a jikinsu, waɗanda suke kira haifaks, su ma sun narke har sun wuce layin da ke nuna sun ƙare, warin da na ji ke nan, don su ma dusa ce man shafawarsu. Dala 80 na cikin kwali, dala 1,400 ta fita daga aljihu, a watan da na yi niyyar aika wa Hajiya kuɗin gyaran rufin ɗaki kafin azumi. Maman yara ba ta yi min gori ba amma ni na san abin da na yi.

Na kira yayana da ke gyaran mota a Kano ina ba shi labari, yana ji ya ce kai ƙanena cire tamostat ɗin kawai ka jefar, mu duk motar da ta sauka daga waje shi muke fara cirewa. Na ce Yaya nan ba zai yiwu ba, tamostat ɗin ne ke hana ruwan inji yin sanyi da yawa. A irin wannan injin in ruwa ya yi sanyi da yawa fistin yana riga silinda buɗewa da zafi, sai ya kama, illar iri ɗaya ce da ta zafin, don haka ma ake jira geji ya kai wajen 100 kafin a matsa masa. Sabon tamostat na saka, ban cire ba. Ya yi ta mamakin wai akwai ƙasar da sanyi ma ke buga inji.

Bayan an haɗa inji, sauran gyaran ni na yi da hannuna a garejin dattijon. Makankaran su ne na farko. Iri biyu ne, akwai na sandar sifirin akwai na kebul, dukansu bakinsu ƙarfe ne mai tauri da ke kartar ƙanƙara yana tayar da garinta, tarak ya kwashe ya watsa sama. Na sifirin ya fi karta sosai amma in ka manta ka yi ribas da shi a ƙasa lanƙwashewa yake ko ya karye, na kebul yana jure ribas. Nawa na kebul ne, na ɗaura su a jikin ƙarafan silalo, can gaba gwargwadon yadda wuri ya bari, don garin ya samu shiga ƙarƙashin tarak ya jiƙa robobin kafin ya wuce baya. In ka kai su baya da yawa rabin abin a banza yake fita. Minti arba'in aikin ya ɗauke ni, ina yi ina jin haushi.

Na biyu abin da ban taɓa ɗauka da muhimmanci ba, fallen robar nan da ke rataye a bayan mashin. Ni a zatona don kar ka watsa wa na bayanka ne, kamar madigadi. Ashe shi ke tare dusar da tarak ya jefo ya maida ta cikin ramin ta daki farantin baya. Nawa wanda ya sayar min ya yanke shi gajere wai don kyau, kuma ya lanƙwashe sama. Na sa dogo mai tauri, bambancin a geji ya fito fili. Na zubar da tsohon ruwan inji na zuba sabo, rabi maganin daskarewa rabi tataccen ruwa, na ɗaga gaban mashin sama na bar shi yana aiki har farantin baya ya ɗumama a hannu, alamar ruwa yana zagayawa kuma iska ta fita, don in iska ta maƙale a tiyo za ka yi ta zafi ko a cikin dusa mai kai gwiwa. Na ƙara ƙananan tayoyi biyu a ƙarafan silalo su rage gogayya. Sannan na maida allon mashin ya riƙa nuna lambar zafi kullum a maimakon agogo.

Na so in ƙara wani farantin sanyaya, ko ma in sa ƙaramin lagireto mai fanka irin na mashinan aiki da ake jan kaya da su a hankali, har na fara duba farashi. Dattijon ya hana ni kuma yanzu na yarda da shi. Ƙarin faranti yana ƙara yawan ruwa, yana jinkirta zafin, amma shi ma dusa yake jira, a kan gilashin ƙanƙara zai ƙara maka 'yan mintuna ne kawai. Lagireto kuma nauyi ne da tiyo da waya da wurin da babu. In mutum ya san yawancin hawansa a kan tabki ne zuwa kamun kifi, gara tun farko ya sayi mai fanka, irin 550cc ɗin nan da iska ke sanyaya su, ba su da ƙarfin nawa amma injinsu bai damu da dusa ba, ko da yake robobin silalonsu su ma za su narke in babu makankara. Da na san haka lokacin saye wataƙila shi zan ɗauka. Ƙusoshin tarak kuma da wasu ke cewa suna taimakawa wajen tayar da gari, gaskiya suna ɗan yi, amma in babu kariya a rufin ramin ko ƙusa ɗaya ta fizge tana iya huda farantin ruwa ya tsiyaye kana tsakiyar daji, ni ban sa ba.

Sai ƙarshen Maris aka samu dusa ta kirki a shekarar, na fita da sabon inji a hankali don fistin su zauna. Gwajin gaske sai hunturun da ya biyo baya, wata safiya bayan an yi narkewa an sake daskarewa, hanya ta yi tauri kamar siminti. Na bar makankaran a sama da gangan na mil ɗaya, geji ya kai 150, na tsaya na sauke su, kafin in yi wani mil ɗin ya dawo 128 ya zauna a nan har muka kai garin Two Harbors. Na ji daɗi ƙwarai, amma daɗin haɗe yake da tuna cewa abin nan yana kan kanta ranar da na ƙona fistin. Da muka dawo na manta ban rataye su ba kafin in hau tirela, bakin na hagu ya maƙale a katakon hawa ya fizge, sai da na sayo wani bakin dala 15, yanzu na ɗaura jan ƙyalle a hannun birki don ya riƙa tuna min.