Muryar da na ɗauka ba ta ƙarewa

Ƙannena mata da kuke shigowa harkar fim, kusan duk wadda muka haɗu da ita a wurin ɗaukar shiri tambayarta ɗaya ce: "Anti, yaya zan yi kyamara ta so ni?" Har yau ba wadda ta tambaye ni yadda za ta kula da muryarta. Ban ga laifinku ba, domin ni ma haka na shigo. Sai da na yi zaman wata huɗu ba aiki, na kuma rasa wani haƙƙi da ba zai dawo ba, sannan na gane cewa abin da na fi wulaƙantawa shi ne jarina.

Da ƙananan fitowa na fara a fim, daga nan na samu gurbi a wani shirin talabijin mai dogon zango. A wannan lokacin aka fara kirana ɗora murya: talla, wasan kwaikwayon rediyo, katun na yara, da fassarar finafinan waje. Ina zuwa, amma kamar wadda aka aika dole. A tunanina wannan aiki ne na waɗanda fuskarsu ba ta karɓu ba. Ba na duba takardar sai na shiga ɗakin ɗauka, in karanto abin da aka rubuta, in karɓi kuɗina in tafi.

Wani dattijon injiniyan sauti ne ya fara taka min burki. Bayan mun maimaita layi ɗaya sau tara, ya cire abin kunnensa ya ce, "'Yata, zo ki zauna. Rufe idonki ki saurari kanki." Na saurara. Matar da nake ɗora wa murya ɗanta ne ya ɓace, amma abin da ke fitowa daga lasifika muryar mai karanta sanarwa ce. Ranar na fahimci cewa a gaban kyamara ido yana taimakona, haske yana taimakona, sutura da kwalliya da fuskar abokin wasa duk suna ɗaukar min rabin kaya. A gaban makirfo kuwa daga ni sai numfashina. Ya nuna min cewa murmushi ana jin sa ko ba a gan shi ba, cewa tazarar taƙi ɗaya tsakanin baki da makirfo tana canza komai, cewa a fassara dole harafin da ake haɗe leɓe a kansa, irin su b da m, ya faɗa daidai inda jarumar da ke hoton ta rufe bakinta, in ba haka ba mai kallo zai ji wani abu bai zauna ba ko da bai san mene ne ba. Abin da ya ba ni mamaki, wasana a gaban kyamara ma ya gyaru bayan wannan, domin na koyi sauraro maimakon jiran layina ya zo.

To amma daga raina aikin sai na faɗa wani kuskuren, na fara karɓar duk abin da ya zo. Da safe ina wurin ɗaukar shirin talabijin, inda halin da nake takawa mace ce mai faɗa, kullum cikin ɗaga murya. Da yamma in wuce sutudiyo in yi muryar ƙaramin yaro a katun, ina matse maƙogwaro awa uku ko huɗu. Ba na ɗumama murya kafin in fara, ba na shan ruwa sosai don kada in riƙa katse aiki, kuma in na dawo gida in kama waya in yi ta hira har dare ya raba. Muryata ta fara dushewa da yamma, ta dawo da safe. Daga baya ta daina dawowa gaba ɗaya. Sautin sama ya ɓace, in na ja magana sai ta tsinke a tsakiya. Na ɓoye wa darakta, na ɓoye wa furodusa, saboda tsoron a ce ba ni da juriya a ba wata. Na koma yin raɗa a gida wai ina hutar da ita, ina yawan gyaran murya don in kawar da abin da nake ji ya tokare. Wata biyu na yi a haka.

Da na je wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ya zura siririyar kyamara ya nuna min a allo. Tantani ne guda biyu a cikin maƙogwaro, ƙanana ƙwarai, su ne suke haɗuwa suna rabuwa idan iska ta biyo ta tsakaninsu, kuma a muryar mace suna yin haka kusan sau 200 a daƙiƙa ɗaya. Ki lissafa awa huɗu ta ihu. A gefen kowannensu wani ɗan ƙullutu ya fito, kamar kantar da ke fitowa a tafin hannun mai aikin ƙarfi, shi ya hana su haɗuwa sosai. Ya ce raɗar da nake yi da ƙarfi wahalar da su take, gyaran muryar kuma kamar buga su ne da juna. Ya kuma gano ƙwannafin da nake fama da shi da dare yana ƙona wurin. Na yi sa'a ba a kai ga tiyata ba, amma sai da na ajiye aiki, aka rubuta halina ya yi tafiya a cikin shirin, na riƙa zuwa wurin mai koyar da gyaran magana tana koya min numfashi daga ciki kamar yarinyar da ta fara koyon karatu.

A wannan zaman ne na karanta labarin Julie Andrews, 'yar Ingila da duniya ta sani da zaƙin waƙa a fim. A 1997 aka yi mata tiyata a maƙogwaro, kuma muryar waƙarta ba ta koma yadda take ba. Ta ci gaba da wasa da ɗora murya, amma wancan abin ya tafi. Na kuma gane cewa matsalar ba ta ni kaɗai ba ce: a 2016 masu ɗora murya a wasannin bidiyo a Amurka sun shiga yajin aikin da ya kai kusan wata goma sha ɗaya, kuma daga cikin koke-kokensu har da doguwar ɗaukar ihu da kururuwa da ke lalata musu maƙogwaro. Waɗannan ƙwararru ne da ƙungiya a bayansu. Ke da kike ke kaɗai, idan ba ki buɗe baki kin ce a ajiye fitowar ihu zuwa ƙarshen zama ba, ba mai faɗa miki. Ki nemi hutu bayan kowace awa. Ki ɗumama murya na minti goma, baki a rufe kina fitar da sauti a hankali daga ƙasa zuwa sama. Ki guji hayaƙi. Idan dushewa ta kai mako uku ba ta tafi ba, ki je a duba da kyamara, kada ki tsaya shan abin tsotsa.

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne na takarda, domin shi ba likitan da ke gyara shi. Wani kamfani ya ɗauke ni in karanta jimloli masu yawa, aka ce na gwaji ne na cikin gida. Kuɗin ya yi min kyau a lokacin. Aka miƙo min shafi uku a bakin ƙofar sutudiyo, mai kula da aikin yana duba agogo, ni kuma ina jin kunyar in tsaya karatu kada a ce ban yarda da su ba. Na sa hannu, ban ma nemi kwafina ba. Bayan shekara biyu wata ƙawata ta turo min wata talla, muryata ce tsaf tana yabon wani kaya da ban taɓa gani ba, wanda ko nawa za a ba ni ba zan tallata ba. Lauya ya nemo takardar ya karanta min layin da na tsallake: na ba su damar amfani da abin da aka ɗauka har abada, a ko'ina a duniya, ta kowace hanya da ake da ita ko wadda za a ƙirƙiro, kuma suna iya miƙa wa wani. Ya ce ba abin da za a yi. Na yi kuka ranar, domin mutane sun ji muryar sun ɗauka da yardata ne.

Susan Bennett, wata mai ɗora murya a Amurka, ta ba da labarin da ya yi kama da nawa. A watan Yulin 2005 ta yi wata guda tana karanta jimloli awa huɗu a rana ga wani kamfanin manhaja, aka biya ta kuɗin zamanta. Sai a 2011, da Siri, manhajar da ake yi wa magana ta amsa da murya, ta fito a wayar iPhone, wani abokin aiki ya sanar da ita cewa kamar muryarta ce. A lokacinta sai an yanka sauti an jona. Yanzu ƙirƙirarriyar basira tana iya kwaikwayon muryarki daga ɗan abin da aka ɗauka, ta faɗi abin da ba ki taɓa faɗa ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ƙungiyar 'yan wasan Amurka ta SAG-AFTRA, ƙarƙashin shugabancin Fran Drescher, wadda ita ma jarumar talabijin ce mai ɗora murya, ta yi yajin kwana 118 daga 14 ga Yuli zuwa 9 ga Nuwamban 2023, har aka sa a yarjejeniya cewa sai da izinin ɗan wasa da biyansa za a yi amfani da kwafinsa na na'ura. Wannan yarjejeniya mambobinta take karewa. Ke takardar da ke gabanki ce kawai za ta kare ki, don haka ki nemi amsar waɗannan a rubuce: a ina za a sa, na tsawon wane lokaci, a wace kafa, za a iya sayar wa wani, kuma za a horar da na'ura da ita ko a'a. Alƙawarin baki a wannan harka yana tashi ranar da mai alƙawarin ya bar kamfanin.

Akwai abin da ba a faɗa muku da wuri, ni zan faɗa. Kiran fitowa a matsayin budurwar labari yana raguwa wa mace tun tana ganin kanta da sauranta, na gani a kaina, na gani a kan waɗanda suka fi ni suna. Makirfo kuwa bai san shekaru ba. June Foray, mai ɗora muryar katun a Amurka, ta fara rediyo tana 'yar shekara 12, ta karɓi Emmy, babbar kyautar talabijin ta can, a 2012 tana da 94. A Japan, Masako Nozawa da aka haifa a 1936 ita ce muryar Goku, jarumin katun ɗin Dragon Ball, tun 1986. A shekarun da wayata ta yi shiru daga ɓangaren fim, aikin da na raina ne ya riƙe ni, ya riƙe gidana.

Kwanakin baya wata ƙanwarku da muke aiki tare aka miƙo mata takarda a tsaye, kamar yadda aka yi min. Na ga hannunta ya nufi biro, na matsa kusa na ce mata ta nemi a bar ta ta kwana da ita. Muryarta na rawa ta nema, aka ce ba damuwa. Da dare ta ɗauki hoton shafukan ta turo min, muka bi su layi-layi, muka samu "har abada" a shafi na biyu. Washegari ta koma ta ce a mayar da shi shekara ɗaya, a kuma rubuta cewa ba za a horar da na'ura da muryarta ba. Sun yi gardama a kan shekarar, aka tsaya a biyu, ta sa hannu ta karɓi kwafinta.