Tambaya shida da rigar da ba maɓalli

Akwai wani kaftani na shadda ruwan toka da ke rataye a shagona tun kafin babbar salla. Na yanka, na haɗa, na kwana biyu a kan aikin wuya har ya fito yadda mai shi ke so. Maɓalli huɗu suka rage, aikin minti goma. Mai rigar ya zo sau uku, a na ukun bai ma sauka daga babur ba, leƙowa ya yi ya juya. Duk telan da ke garinmu Garwa, a Kamaru, ya saba da a ce masa maƙaryaci. Ni dai idan na ce wa mutum Alhamis, har ga Allah Alhamis nake nufi.

Ƙanwata da ke karatu a Ngaundare ce ta turo mini wata takarda ta WhatsApp, da Faransanci. Ta ce, "Yaya, ka amsa tsakaninka da Allah, ban da gyara."

ASRS ake kiranta. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta haɗa ta tare da masu bincike na Amurka, cikinsu har da Ronald Kessler na jami'ar Harvard, aka wallafa a 2005. Gaba ɗaya tambaya 18 ce, amma shidan farko su ne rariyar. Abin da ake nema alamun larurar da likitocinmu ke kira TDAH, 'yan Najeriya kuma ADHD: hankali ya ƙi zama wuri ɗaya, jiki ya ƙi natsuwa. A da na ɗauka abin yara masu ƙiriniya ne.

Kowace tambaya a kan wata shidan da suka wuce take, amsa kuma kala biyar, daga ko kaɗan har zuwa sau da yawa ƙwarai. Ta farko cewa take, sau nawa kake kasa ƙarasa 'yan ƙananan abubuwan da suka rage bayan ka gama mai wuyar aikin. Na ɗaga kai muka haɗa ido da kaftanin. Ta biyu kan tsara aiki ce, ta uku kan manta alkawari, ta huɗu kan jan ƙafa idan aiki na bukatar dogon tunani. Duk na faɗa ciki. A ukun farko ko "wani lokaci" ka ce an ƙirga maka, a ukun ƙarshe sai ka kai "sau da yawa". Wanda ya sami huɗu cikin shida, ana so ya ga likita.

Ta biyar ce ta ba ni dariya: wai kana yawan motsa hannu ko ƙafa idan zama ya yi tsawo? Ni da ƙafata ke kan keken ɗinki daga hantsi zuwa isha'i, me zan ce? Wanda ya rubuta wannan ma'aikacin ofis yake hange. Na bar ta a "wani lokaci". Ta shida, ko kana jin kamar inji ke tuƙa ka, na ce a'a. Huɗu cif.

Da farko wani sanyi na ji, ashe abin yana da suna ban da lalaci. Washegari na miƙa wa yaron shagona, ya sami biyar. Yaron da ke kan waya har ƙarfe biyun dare! Sai na tuna wata shidan nawa ma sun haɗa da azumi, da zafin Maris da Afrilu da ba ya barin kowa barci a garin nan, da kwanan shago na jajibirin salla biyu. Rashin barci, damuwa, fargaba, shan tramol, kowanne na iya cika wa mutum takardar nan.

Shi ya sa likita ba ya tsayawa a kanta. A ƙa'idar likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ta 2013, DSM-5, mai shekara 17 zuwa sama sai ya tara alamomi biyar a ɓangare ɗaya, na rashin tattara hankali ko na rashin natsuwa. Sai sun bayyana a wuri biyu aƙalla, kamar gida da wurin aiki, suna kawo cikas na gaske, kuma wasu sun fara kafin shekara 12. Wajen manya biyu da rabi cikin ɗari ake ƙiyasta suna da ita.

Maganar shekara 12 ɗin ce ta kai ni ɗakin Inna. Na ce, "Inna, da ina yaro, yaya nake?" Ta ajiye carbi ta ce, "Kai? A aike ka sayo gishiri, ka dawo da labarin kwale-kwale a bakin Binuwai, kuɗin na dunƙule a hannunka. Allo uku ka yar a shekara ɗaya." Ta ce babana ya yi duka har ya gaji, malam ma haka. Tana dariya take faɗa. Ni ban yi ba.

Ƙanwata ta samo mini likitan da zan gani ranar Talata. Ta ce in tafi da takardar, in kuma tafi da labarin gishirin. Na rubuta "Talata" da allin tela a jikin teburin keke, daidai inda idona ke sauka, na kuma ce wa yaron ya tuna mini.